Yadda Yaya Mai Aski Ya Shiga Jerin Masu Barci

Mijin yayata mai aski ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan yana sana'ar a wani ɗan shago mai kujera biyu da dogon madubi ɗaya. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Sakatariya, don aikina buga takardu da cike wa mutane fom a kwamfuta. A bayan ƙofar shagon akwai jita a rataye, kuma in ka tambaye shi zai ce maka shi mawaƙi ne, askin nan na ɗan lokaci ne kafin duniya ta gano shi.

Murya kam yana da ita, ba zan ci amanarsa ba. Matsalar ɗaya ce: Yaya ya ɗauka shi mawaƙin rawa ne, alhali duk waƙar da ya taɓa sai ta kwanta luf. Yana aski yana rerawa, kafin ya gama gyara maka ƙeya kanka ya fara lilo. Akwai wani direban tasi da sai an girgiza kafaɗarsa yake sanin an gama. Yaya ya ce laifin kujera ne, ta cika laushi.

Da ya naɗi waƙoƙi tara a wani ƙaramin situdiyo ya saka su a manhajojin sauraron kiɗa, sai ya tarar ba mai ji sai mu 'yan gida. Wani ya nuna masa shafukan da ake tura waƙa ga masu haɗa jeri, wato mutanen da ke tsince waƙoƙi su jera su wuri guda, dubbai su bi suna saurara. Ka cike fom, ka faɗi yanayin waƙarka, su ji su ba ka amsa. Yaya kuwa kullum rawa da motsa jiki yake dannawa. Sau arba'in da uku ana ce masa a'a.

Wata rana da hantsi ya shigo ofishinmu ya ajiye wayarsa a teburina.

"Sakatariya, na gaji," ya ce. "Wata mai zuwa zan cika hamsin. In har ranar ba wanda ya ɗauki waƙata, jitar nan kyauta zan yi da ita, in ja bakina in yi shiru. Duba mini, ƙila fom ɗin nake ɓatawa."

Na so in tsokane shi, amma da na kalli idonsa sai tausayi ya kama ni. Mutumin nan tunda na san shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, kuma ban so in gani.

Na zauna na karanta amsoshin kaf, abin da shi bai taɓa yi ba, don da ya ga an ƙi sai ya rufe wayar yana tsaki. Wata mai haɗa jeri ta rubuta cewa muryar akwai daɗi, amma ta yi hamma uku kafin amshi. Wani ya ce in ya saka wannan a jerin masu gudu, a bakin titi za su kwanta. Sai na canja yanayin, na tura wa masu jerin hutu da barci. Ban gaya masa ba, na san hali.

Cikin mako biyu jeri shida suka ɗauka. Na ja yayata muka tafi shagon, muka same shi ya aske wa wani malamin makaranta rabin kai. Na ce, "Yaya, albishirinka!" Ya saki injin ya hau tsalle, har sai da ya karɓi wayar ya ga sunayen jerin. Nan take ya ɗaure fuska.

"Au, ni ne maganin barci? Shekara nawa ina wahala, ashe matashin kai na zama?"

Yayata ta ce, "To mu dai a gida mun daɗe da sani." Malamin ya fashe da dariya da rabin kansa.

Ni dai na buɗe masa saƙon da ɗaya daga masu jerin ya turo, daga wani mai sauraro. Ya ce mahaifiyarsa ta yi wata biyu a gadon asibiti, ciwo ya hana ta runtsawa, waƙar Yaya ta huɗu ce kawai ke lallaɓa ta. Yana roƙo a gaya wa mawaƙin ya ƙara wasu.

Yaya ya karanta sau biyu. Ya goge ido da bayan hannu ya ce gashi ne ya faɗa masa. Sannan ya ɗauki injin ya ƙarasa askin.

Ranar da ya cika hamsin ya kira ni shago. Ya zaunar da ni a kujerar aski, ya gyara jita a cinyarsa, ya yi gyaran murya.

"Sabuwa ce, ta tsohuwar nan ta asibiti. Ki ji da kyau, Sakatariya. In kika kai ƙarshenta ido biyu, to ba ta yi ba, sai na sake."

Wallahi na yi niyyar in dage don in ba shi haushi. Baitin farko kawai nake iya tunawa.