Garwashin Inna

A cikin kwali resho mai aiki da kuran, wato lantarki, ya shigo gidanmu, ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai. Lokacin maigidana yana aiki a gidan wuta na Agadas, shi ke goge inji yana zuba masa mai. Gidanmu na laka yana manne da katangar wurin, shi ya sa aka ja mana waya ɗaya alhali duk unguwar da fitilar ƙwai ake gani. Wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya bar masa reshon. Faranti ne na baƙin ƙarfe da igiya a gindi. Maigida ya ajiye shi a ɗaki yana ta washe baki, wai daga yau na huta da hayaƙi da jiran masu jakunan itace.

Ni kuwa tsoronsa nake ji, ba kaɗan ba. Abin da zai yi ja jawur babu harshe babu ƙauri, ta ina mutum zai san ya yi fushi? An ce kada in taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, sai na riƙa goge hannuna da zane har fatar ta yi zafi. Tukunyata ta ƙasa ta ƙi zama a kansa, dole na koma ta ƙarfe. Ina dama kunu ina karanto duk addu'ar da na sani.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya rasu, ɗanta ya bi ayarin gishiri bai dawo ba. Kullum da safe takan shigo da ɗan kasko a hannu ta ce, "Ɗiyata, a sam mini wuta." In zuba mata garwashi, sannan in miƙa mata ƙwaryar kunu in ce ta ɗanɗana mini ko tsamiyar ta ji. Ta shanye tas, ta ce ya ɗan yi ruwa, ta tashi. Shekara biyu muna haka.

Washegarin zuwan resho ta shigo da kaskonta, ta tarar da murhu a sanyaye. Ni da wautata, sai na ja ta ɗaki ina nuna mata sabon abu, har da yi mata bayani kamar ni na ƙera shi. Ta leƙa ta ce, "To ina wutar da za a ɗiba?" Na ce ai wannan ba a ɗibarsa. Na miƙa mata kunu, ta ce, "Na karya, ɗiyata." Ta fita da kaskon a kife.

Ba ta zo washegari ba, ba ta zo a rana ta biyu ba. Da farko ban ma kula ba, hankalina yana kan kada kuran ya kashe ni. A rana ta uku ina shanya albasar Tabelot a kan soro, sai na dubi gidanta. Hayaƙi yana tashi daga kowane gida, nata shiru. Na ce ƙila ta riga ta gama girki, na sauko, na sake hawa, na sake saukowa. Tuwon ranar ko loma uku ban yi ba.

Da la'asar na zuba tuwo a kwano na nufi gidanta. Na same ta zaune a kan tabarma tana jan carbi, leɓunanta sun bushe. Ta dubi kwanon, ta kawar da kai. "Ban aike ki ba. Maida wa maigidanki." Na san halinta, ko za ta mutu ba za ta karɓi abin da ya yi kama da sadaka ba.

Ina juyowa idona ya kai kan murhunta. Babu tukunya, babu tokar itace. Gawayi ne ƙanana tsibi guda a gefe, garwashina na shekara biyu, kowanne ya mutu a inda aka zube shi. Ashe hayaƙin da na hau soro nema bai taɓa tashi daga gidan nan ba, ni ce ban taɓa dubawa ba. Kunya da tsoro suka rufe ni, ban san yadda na kai gida ba.

Da gari ya waye na tattaro guntayen itacen da suka rage, na haɗa da ɗanyen reshe don ya yi hayaƙi sosai, na hura murhu. Na ɗora tsohuwar tukunyata da ruwa zalla a ciki. Kunun kuwa a ɗaki na dama shi, a kan resho. Maigida ya fito yana tari, ya ce, "Ke wace irin mace ce? An kawo miki hutu kin koma wahala." Na ce ya wuce wurin injinsa ya bar ni.

Na zauna ina fifita wuta, idona a kan zaure. Rana ta hau katanga, itacen ya kusa cinyewa, babu motsi. Na fara lissafin kwana huɗu babu abinci ga mai shekarunta, na miƙe ke nan zan fita da gudu, sai na ji sallama can ƙasa-ƙasa. Tana dafe da bango, kaskon a hannunta.

"Ɗiyata, a sam mini wuta."

Na zuba mata garwashi, na ɗauko ƙwaryar da na cika har baki, na ce ta ɗanɗana mini. Ta kafa kai ba ta ɗago ba sai da ta ga gindinta. Ta goge baki da gefen zane, ta ce ya ɗan yi ruwa.