Malam Sabo da Fok ɗin Kekena

Malam Sabo mai keke ya rasu.

Da safen nan ƙaninsa Mudi ya kira ni ina shirin fita makaranta. Sai da na sa ya maimaita. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mun kai shi kafin azahar. Tun lokacin na kasa cin komai. Akwai abin da ke damuna sati uku ke nan, gara in rubuta shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai rumfar gyaran keke ta kusa da Ƙofar Dawanau, dogon nan mai furfura a gemu. Na san shi tun shekarar da sojoji suka miƙa mulki, lokacin na fara koyarwa, ina zuwa aiki a tsohon keken mahaifina. Bai taɓa kiran sunana ba. Ticha kawai.

'Yan garuwa sun san shi. In tayar kurarsu ta sace, sai ya yi musu faci ya ce su wuce, mutane na jiran ruwa.

Da Hajiyarmu ta daina iya tafiya, keken guragun da muka samo mata ƙafarsa ɗaya na karkacewa. Har gidanmu a unguwar Kabara ya zo ya gyara. Da ya gama sai ya zauna a kai, ya ce in tura shi a tsakar gida, wai sai ya ji abin da za ta ji. Hajiya ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Ba ya miƙa maka abin da bai gwada da jikinsa ba.

Bara likita ya ce sugana ya hau, in riƙa motsa jiki. Na sayi tsohon keken hawan dutse na gwanjo, na shiga cikin wasu abokai masu fita kowace Asabar da safe. Nasu sababbi ne. Fok ɗinsu, wato ƙarafan nan biyu masu riƙe tayar gaba, dogaye ne masu shoka mai laushi, suna faɗawa rami kamar ba komai. Nawa kuwa sai in dawo wuyan hannuna na ciwo. Na ga ana sayar da irin nasu a onlayin, na saya, na kai wa Malam Sabo.

Ya jera shi da tsohon a ƙasa, ya auna da hannu, ya daɗe yana duban wuyan keken.

Ya ce, "Ticha, firam ɗin nan, wato gangar jikin keken, an yi shi ne don gajeren fok. Wannan ya ɗara shi da yatsu uku. Gaban zai ɗaga, kuma duk ramin da ka shiga, waldar wuyan nan ce za ta sha, kamar ka sa dogon ƙarfe kana ɓamɓarar ƙusa. Ga shi ƙarfen ya tsufa."

Na ce a intanet na ga masu yi da yawa.

Ya ce, "Su ba su ga naka ba."

Sai na faɗi maganar da nake ta jin ta a kunnena har yanzu. Na ce in ba zai iya ba, masu gyara sun cika gari.

Mutumin da ya fi shekara ashirin yana riƙe min keke na gaya wa haka.

Ya ci gaba da goge sufana da tsumma. Can ya ce, "Kada ka kai wa wanda zai ɗaura maka bai gaya maka gaskiya ba. Bar shi a nan. Amma ba za ka hau ba sai na hau."

Ranar Asabar muka haɗu a Goron Dutse da hantsi. Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya tura keken sama, ni na tsaya a ƙasa ina murna, har da ɗaga waya zan ɗauki bidiyo. Karon farko ya sauko lafiya. Ya ce bai gamsu ba, ya ji wani ɗan motsi a gaba, bari ya sake.

A karo na biyu, daidai wani kwari da ruwa ya zaizaye, na ji ƙas.

Ba ƙara ce mai yawa ba. Kamar an karya busasshen kara. Tayar gaba ta yi gefe, shi kuma ya wuntsila ya bugu da ƙeya.

Kafin in ƙarasa ya tashi zaune yana karkaɗe riga. Gwiwar hannunsa ce kawai na ga ta kuje. Na ce mu je asibiti, ya ƙi. Na nace, ya ce shi da ya shekara arba'in yana faɗowa daga keke. Ya ɗauko firam ɗin ya nuna min inda waldar ta rabu, bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ma ya ce.

Ni kuma na bar shi ya tafi gida. Na ji sanyi ma da ya ƙi zuwa asibitin, don kada a tambaye ni yadda aka yi. Wannan ita ce gaskiya.

Juma'ar da ta wuce na tarar da rumfar a rufe, aka ce kansa ke ciwo. Na same shi a zaure yana kishingiɗe, maganarsa a hankali, yana lumshe ido in haske ya shigo. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Gara da ni ya karye wa, Ticha. Ni na iya faɗuwa. Kai da sugan nan, ciwo ba ya warke maka da wuri."

Sannan ya ce ya ajiye min tsohon fok ɗina, ya sa masa giris, in na samu wani firam in kawo.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau a maƙabarta Mudi ya ce jiya da yamma Malam Sabo ya yanke jiki ya faɗi yana alwala, suka kai shi asibiti, bai farfaɗo ba. An ce musu hawan jini ne, dama yana da shi. Na tambaye shi ko sun gaya wa likita batun faɗuwar.

Ya ce, "Wace faɗuwa?"

Ashe bai gaya wa kowa a gida ba. Sati uku.

Na kwashe komai na gaya wa Mudi a nan bakin kabarin. Ya ce kwana ne ya ƙare, amma in je in faɗa wa mai ɗakin Malam Sabo da bakina, kada ta ji a waje. Bayan la'asar na je. Tana bayan labule, na faɗa mata kamar yadda na faɗa muku. 

Sannan ta ce, "Shi ya sa ya daina cire hula a gabana."

Daga nan ba ta ƙara komai ba, sai Allah ya ji ƙansa.

Ban sani ba ko faɗuwar ce, ko hawan jinin ne. Babu mai iya gaya min yanzu. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma na san ya ce kada a ɗaura, ni na ce sai an ɗaura.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Sabo, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka tsaya musu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu uku ne. In kun gama da shi, ku roƙa min gafara ni ma.