Misyo Datong a Tashar Jirgin Ƙasa

A unguwar Laranto ta Jos har masu sayar da dankali Misyo Datong suke ce masa. Faransanci yake koyarwa a wata sakandare da ke Titin Bauchi, tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai. Bai taɓa taka ko iyakar Nijar ba. A littafi ya koyi harshen, a littafi yake koyar da shi, kuma duk ranar da ya yi jawabi a taron makaranta sai an tafa masa.

Cikin ɗalibansa na dā akwai Klaudiya, wadda ta zama nas a Faransa, ta yi aure a can. Wata shekara ita da mijinta suka kama hayar ɗan gidan hutu a ƙauye, ta aiko wa malaminta da matarsa Suzana tikiti. Ta ce za ta tarbe su a filin jirgi.

"Ni za ki zo ɗauka kamar yaro?" in ji shi a waya. "Faɗa mini sunan garin kawai."

Mota ta kai su Abuja, jirgin sama ya sauke su a Faris, duk lafiya. A tashar jirgin ƙasa ne abin ya kwaɓe. Lasifika na ta magana, ya kasa kunne, bai tsinci komai ba. Ya tari wani ma'aikaci, ya jera masa tambaya tsaf, yadda yake rubutawa a allo. Mutumin ya amsa da sauri kamar ana korarsa. Da ya ga Datong ya yi tsuru, sai ya fara maimaitawa da Turanci. Nan zuciyar Datong ta ɓaci. Ya yi godiya ya juya tun mutumin bai gama ba.

"Baban Joshua, me ya ce?" Suzana ta tambaya.

"Ya ce ga namu can."

Suka shiga. Sun yi nisa sosai kafin mai duba tikiti ya zo, ya girgiza kai, ya nuna musu da hannu cewa inda za su yana bayansu. Aka sauke su a wata ƙaramar tasha ana yayyafi. Suzana, da gwiwarta mai ciwo, ta ja jakar acca da yajin da ta kawo tsaraba zuwa benci. Ta zauna tana murza gwiwar. Da ta yi faɗa ma, da ya fi masa sauƙi.

Ya daɗe riƙe da waya kafin ya kira.

"Klaudiya, mun ɓata," ya ce, da Hausa.

"Kai, Misyo! Kuna ina? Karanto mini abin da ke jikin allon tashar."

Wannan kam ya iya. Mijinta ya yi doguwar tafiya a mota ya kwaso su.

Gidan na dutse ne, da itatuwan tuffa a bayansa. Tsohuwar da ke da shi ta fito yi musu maraba, Klaudiya ta kama hannunsa tana alfahari, ta ce ga wanda ya koya mata Faransanci. Datong ya gyara murya ya yi gaisuwa mai tsawo. Tsohuwar ta yi murmushi, ta juya wurin Klaudiya ta tambaye ta me ya ce. Wannan tambayar ya gane ta sarai.

Sauran kwanakin a lambu ya yi su, wai ƙafarsa ce ta gaji. Suzana kuwa har kasuwa take bin tsohuwar.

Da suka dawo Jos, Suzana ta ba matan zumuntar coci labarin manyan shanu da burodi mai tauri, ba ta taɓa ambaton jirgin ƙasa ba. Abokan aiki suka tambaye shi yadda ya sha hira da Faransawa. Ya ce mutane ne masu saurin baki, ya ci gaba da duba takardun yara.

Zangon da ya biyo baya ya roƙi Klaudiya ta riƙa kiran ajinsa a waya tana yi wa yara magana. In ta kira, sai ya ɗora wayar a tebur ya koma bencin baya. Har ya yi ritaya rabin maganar yake kamawa. Akwai wata yarinya, Madina, da ke riga shi yin dariya idan Klaudiya ta yi barkwanci, shi kuma sai ya bi ta a baya.