Amin Ɗin Baba

Shanyewar ɓarin jiki ta kwashe wa Baba magana kaf, ta bar masa kalma ɗaya: amin. Mu a gidanmu na Dukawuya ba mu ga wani babban canji ba, don dama can shi ba mai magana ba ne. Ɗinkin fata kawai ya daina, ya koma zaman tabarma a zaure.

Ƙaninsa, Baba Ƙarami, tsohon malamin makaranta ne, kuma bai taɓa ganin shiru ya ƙyale shi ba. Shi ya yi mana bayani cewa ba ƙaramar kalma aka bar wa yayansa ba. Larabawa na faɗarta, Yahudawa sun daɗe da ita, 'yan coci ma da ita suke amsawa, ma'anarta kuma "haka ne, Allah ya tabbatar". Wai duk inda aka kai Baba a duniya zai iya hira. Inna ta ce a fara kai shi asibiti tukuna.

Da farko mun ɗauka baki ne kawai ke fitar da kalmar. Sai ranar da Baba Ƙarami ya yi addu'a Allah ya kawo mai sayen kayan dukancin Baba da daraja. Baba ya kalli bango. Aka maimaita, ya ƙara kallon bango. Kayan suna nan har yau.

Shi ya sa na shiga damuwa da na sami aiki a Legas. Tun yana da lafiya ya ce ba ɗansa da zai bar Kano, kuma a gidanmu ba a tafiya sai uba ya sa albarka. In bai amsa ba, jakata zan kwance.

Ranar tafiya da safe na durƙusa a gabansa. Inna ta ce, "To, kai za ka faɗa, shi ya amsa."

Kunya ta kama ni, don ban taɓa sa wa kaina albarka ba. Na ce, "Allah ya sa tafiyar nan ta zama alheri."

Baba ya kalli bango. Baba Ƙarami ya buɗe baki, Inna ta harare shi.

Sai na ce, "Allah ya dawo da ni in same ku."

"Amin," in ji Baba. Ya ɗora lafiyayyen hannun a kaina.

Inna ta ce, "Mai dawowa ai sai ya tafi. Tashi ka ɗau jakarka."

Har motarmu ta wuce Ƙofar Kabuga kuka nake.