Tukunyar da na jiƙa tsamiya a cikinta

Ni tsohuwa ce, ban yi lakkwal ba, wato boko, jikata ke rubuta abin da nake faɗa. A shekarun fari, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa, na baro wajen Tawa bayan rasuwar maigidana, na sauka unguwar Bukoki a babban birni da autata, 'yar yaye. Babban ɗana yana jami'a, ƙetaren gada. Kunun tsamiya nake sayarwa. Na sayi tukunyar ƙarfe a kasuwar Katako, irin wadda ake narka tarkace a zuba, nauyinta ma ya burge ni. A cikinta nake jiƙa tsamiya ta kwana. Hatsi ya yi wuya, to ruwan farko mai kauri, shi nake dama wa auta, ina ganin gata nake mata.

Sai yarinya ta fara ciwon ciki. Ta daina 'yar maganar da ta koya, wata rana ta sanƙare a bayana. Lokotoron asibiti ya ce yunwa ce, don yunwa ce ke kawo masa yara a lokacin. Na ƙara mata kunu.

Ɗana ya zo, ya ɗaga tukunyar, ya daɗe yana juya ta. Ya ɗebi ruwan tsamiyar a kwalba ya tafi. Na san karatunsa na ƙarfe ne da ruwa, har nakan tsokane shi da cewa maƙeri ne marar wuta. Da ya dawo bai zauna kan tabarma ba, a ƙasa ya durƙusa. Ya ce a ɗakin gwajinsu suna tsoma wayoyi cikin ruwa, su saki kuran, wato wutar lantarki, kaɗan kaɗan, kowane ƙarfe da inda yake amsawa, allurar na'ura ta nuna. A nawa ruwan, darma ce ta amsa, ta tsohon batirin mota da aka narka cikin tukunyar. Ya ce guba ce, ita ke cin auta. Na ce ai ruwan ba ya ɗanɗanon ƙarfe. Ya ce tsami ne ke kama darmar ya goya ta, kamar yadda nake goya auta, su bi ruwa tare, ido bai gani ba.

Ya so ya tara matan unguwa ya faɗa musu. Na hana, don ɗalibin da ya tara mutane a lokacin, motar soja ke zuwa ɗaukarsa. Ni na bi gida gida, ina faɗa a bakin pampo da wurin suna. Wasu suka ji, wasu suka daina sayen kununa kawai.

Auta ta rayu. Yau ta yi furfura, amma hankalinta na nan inda tukunyar ta tsayar da shi, kullum da safe tana miƙo mini ƙoƙo. 'Ya'yana mata, abu mai tsami kada ya kwana a ƙarfen da ba ku san asalinsa ba. Ku jiƙa a ƙwarya ko tukunyar ƙasa. Ni a ƙwarya nake jiƙa mata yanzu.