Sunan da Na Soke Ranar Shuka

Shekaru na yi ina cin abinci da ƙwallon kwando, daga Yamai har ƙasashen waje, kafin gwiwata ta dama ta ce ta gaji. Na dawo Magariya da ɗingishi da saurin fushi, aka ba ni horar da 'yan wasan wata lise, wato makarantar sakandare. Na kafa musu dokar da na saba da ita a can: duk wanda ya tsallake atisaye ba izini, ya bar ƙungiya.

Saura kwana huɗu mu tafi gasa Damagaram, aka yi ruwan farko. Na iso fili, babu kaftin ɗinmu, wani dogon saurayi ɗan ƙauyen Kwaya wanda da wuya ya jefa ƙwallo ta ƙi shiga. Na tambaya, sauran suka yi ta kallon takalmansu. Zuciya ta ɗebe ni. A ranar na soke sunansa daga takardar 'yan wasa, daraktan makaranta ya buga hatimi, aka aika.

Da yamma mai gadin makaranta ya tare ni, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan. "Mushe, kai ba nan aka haife ka ba? Ƙasa ta jiƙa, wa zai zauna? Ya tafi shuka."

Kunya ta rufe ni. Ni da na girma ina bin sungumin mahaifina, na manta cewa danshin ruwan farko kwana biyu ne.

Washegari na hau babur sai Kwaya. Na same shi yana sara da sungumi, mahaifiyarsa na biye tana zuba gero tana rufewa da diddige. Uban ya rasu bara, ba wani namiji a gidan. Na cire takalmi na karɓi ƙwaryar irin. Ban yi nisa ba tsohuwar ta ce, "Malam, rage hannu, irin nan ba tsintarsa muka yi ba. Kai dai tsawo Allah ya ba ka."

Saurayin ya yi dariya, sannan ya ce, "Mushe, gobe za mu gama. Asabar zan riga ku zuwa tasha."

Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ji na ce, "Allah ya kai mu." Tsoro ne, ba wani abu ba.

Na koma na roƙi darakta, ya buga waya a gabana. Aka ce an rufe karɓar sunaye.

Asabar ya riga mu, kamar yadda ya ce, ya wanke takalmansa fes ya rataya a wuya. A bayan mota na gaya masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ba komai, mushe."

Ya taya mu ɗaure kaya, ya tsaya har motar ta tashi. Ina nan ina horarwa har yau, amma shi bai sake taka filina ba.