Maganin Tsutsa Mai Ƙanshin Lemo

A kasuwar Kitale, Mama Nanjala tana jingine da ƙofar shagon maganin gona, takalmanta duk jar laka. Toka ta cika mata farce. Da gani, ta kwana biyu tana bin masararta kara bayan kara, tana barbaɗa toka a tsakiyar ganye saboda tsutsa.

Barasa mai shago ya miƙo mata 'yar kwalba. "Sabon shigowa ne, Mama. Man ɓawon lemo ne, an kaɗa shi har ya saje da ruwa."

Ta girgiza kwalbar, ta shinshina, ta taɓe baki. "Ɗana, turare zan fesa wa tsutsa? Maganin da bai sa ni tari ba, shi zai kashe ta?"

"Na bara ai ya sa ki tari. Ya kashe ta?"

Ta shafa ƙirjinta. Wataƙila tarin bai sake ta ba har yau. Can ta ƙulle kwalbar a bakin zani.

"Idan ya ƙi, toka dai ba ta ƙarewa a gidana. Garin tuwo ne ke ƙarewa."